Darasi: Abincin da Ke Salwanta Tsakanin Gona da Tukunya

Wadatar abinci, bisa ma'anar da taron shugabannin duniya kan abinci ya amince da ita a birnin Rum na ƙasar Italiya a shekarar 1996, ita ce kowane mutum ya kasance yana iya samun abinci isasshe, marar cutarwa, mai gina jiki, a kowane lokaci, gwargwadon abin da zai riƙe shi ya yi harkokinsa cikin ƙoshin lafiya. Masana sun ɗora wannan ma'ana a kan ginshiƙai huɗu, wato samuwar abincin a ƙasa, da ikon da mutum ke da shi na mallakarsa ta hanyar noma ko saye, da amfanin da jiki ke samu idan an ci shi, sai kuma ɗorewar waɗannan ukun daga wannan kaka zuwa waccan. A unguwa irin Gyallesu, wadda ke Tudun Wadan Zariya daura da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda yawancin magidanta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ke awo da mudu ko tiya, ginshiƙi na biyu da na huɗu su suka fi girgiza, domin ko a tsakiyar damina ba a rasa hatsi a kasuwar Tudun Wada, sai dai tsadarsa kan sa mai gida ya koma da rabin abin da ya saba aunowa lokacin kaka.

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2023, kuma a nahiyar Afirka abin ya shafi mutum ɗaya cikin kowane biyar. A Najeriya, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023, kuma zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk da haka, tun a shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake nomawa domin ɗan Adam, wato kimanin tan biliyan 1.3 a shekara, ba ya kaiwa cikin kowa.

Masana sun raba wannan salwanta gida biyu. Asara ita ce abin da ke lalacewa ko raguwa daga girbi zuwa lokacin da kaya suka isa hannun mai sayar da su ga jama'a, kamar hatsin da ya zube wajen sussuka, ko waken da ƙwari suka huhhuda a rumbu, ko tumatirin da ya ruɓe a mota. FAO ta ƙiyasta shi da kusan kashi 14 cikin ɗari a rahotonta na 2019. Ɓarna kuwa ita ce abin da ake zubarwa a shago da gidan abinci da cikin gida bayan ya riga ya iso lafiya, kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta shi da tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kashi 60 cikin ɗari daga gidajen jama'a. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2011 cewa hatsin da ke lalacewa bayan girbi kaɗai ya kai darajar dala biliyan 4 a kowace shekara. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne cewa buhun da ya lalace a ɗakin ajiya ya riga ya ci iri da taki da kuɗin huɗa da guzurin 'yan ƙwadago, saboda haka tsare buhu ɗaya daga lalacewa ya fi noma wani sabo sauƙi nesa ba kusa ba, alhali mafi yawan ƙoƙarin gwamnatoci da na manoma yana ƙarewa ne a bakin gona.

Ƙarni ɗaya na bincike a Samaru

Mazaunin Gyallesu ba ya buƙatar tafiyar awa guda a mota kafin ya isa ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin binciken noma na Afirka ta Yamma. An kafa tashar Samaru a shekarar 1922 a matsayin cibiyar sashen aikin gona na lardunan Arewa, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta koma ƙarƙashinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. An ɗora mata alhakin inganta irin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, kuma duk irin da ta fitar yana ɗauke da harufan farko na sunan Samaru, shi ya sa ake jin SAMSORG a dawa, SAMMAZ a masara, SAMPEA a wake, SAMNUT a gyaɗa. A kusa da ita akwai cibiyar NAERLS mai kula da isar da sakamakon bincike ga manoma, a Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown.

Amfanin irin wannan aiki ya fi fitowa fili ne a lokacin annoba. A shekarar 1975, kafin Arewa ta gama farfaɗowa daga farin 1973, cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonakin gyaɗa kimanin hekta dubu 700, kuma tana cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. An shafe shekaru ana barbara da tankaɗe da rairaya a Samaru, tare da cibiyar ICRISAT, kafin a samu iri masu jure cutar, ciki har da SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, mai saurin nuna da yawan mai. Haka nan an fitar da irin masara masu saurin nuna da jure wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwar hatsi tana tsotse abincinsa.

A shekarar 2019 aka yi wa waken SAMPEA 20-T rajista, bayan binciken da Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku ya jagoranta, kuma ya shiga hannun manoma a 2021. An sanya wa wannan wake wata ƙwayar halitta da aka samo daga wata bakteriya mai zama a cikin ƙasa, wadda ke sa tsiron ya kare kansa daga tsutsar maruka mai cin fure da kwanso, tsutsar da kan cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona idan ta yi ƙamari. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas sai ya koma sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka amince da masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, mai jure tsutsar kara da tsutsar nan mai cin masara da ta fara bayyana a Afirka a 2016. Akwai muhawara mai zafi a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma tambayoyin da jama'a ke yi game da lafiya da kuma wanda zai mallaki iri nan gaba tambayoyi ne da suka cancanci amsa a bayyane cikin harshen da manomi ke ji, daga masu binciken da kuma hukumar da aka kafa a 2015 domin sa ido a kan irin wannan fasaha. Sai dai abu ɗaya ba ya cikin muhawarar: waken da ya tsira daga tsutsar maruka a gona bai tsira daga ƙwaron rumbu ba.

Ƙwaron wake da buhu mai ruɓi uku

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma a ƙasashen biyu babban abokin gabar mai ajiya ƙwaro ne ƙarami da bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Tun wake yana gona macen ƙwaron ke nasa ƙwai a jikin kwanso, saboda haka yakan shigo gida ne tare da amfanin, ba tare da an gan shi ba. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ta shige cikin ƙwayar waken, ta ci ta girma a ciki, sannan ta fito a matsayin ƙwaro ta bar ramin nan mai zagaye da kowace uwar gida ta sani. Daga ƙwai zuwa ƙwaron da zai sake nasa wani ƙwan bai fi mako uku zuwa huɗu ba a yanayin zafi, kuma mace ɗaya takan nasa ƙwai gommai, don haka buhun da aka ɗinke a watan Nuwamba da ƙwari ƙalilan yana iya komawa gari da ƙaiƙayi kafin bazara.

Magabata ba su naɗe hannu ba. Sun ajiye gero da dawa a dami da zangarniya cikin rumbu da rufewa, dabarar da ta yi daidai da shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar ta barin hatsi a zangarniyarsa, sun kuma cuɗa wake da toka ko yashi ko barkono. Binciken zamani ya tabbatar da cewa toka tana aiki idan an tankaɗe ta aka zuba ta daidai da yawan waken, domin tana cike gurbin da ƙwaro zai motsa. Amma dabarar da ta isa tulu ɗaya ba ta isa buhu ɗari ba, kuma da fatauci ya bunƙasa sai mutane suka karkata ga magungunan ƙwari, har da waɗanda ba a yi su domin abinci ba, irin su fiya-fiya. Sakamakon haka ya bayyana a watan Yunin 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya bayan ta yi ta samun sinadarin dikulobos a cikinsa fiye da ƙa'idarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo, wani lokaci ninki ɗaruruwa. Abin da ya fi asarar kasuwar Turai ciwo shi ne cewa waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake yin ƙosai da alale da shi a unguwanni, yara suna ci da safe kafin su tafi makaranta.

Maganin da bincike ya samar bai ƙunshi guba ko ɗigo ba. A ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma da ke Marwa a arewacin Kamaru suka gwada ajiye wake a cikin leda mai ruɓi uku, kuma a 2007 aka fara yaɗa dabarar a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunan buhun PICS, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi sun taka rawa sosai wajen gwada shi, kuma ana ƙera shi a Kano. Buhun ya ƙunshi leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa na waje da ke kare su daga yagewa. Iskar da ɗan Adam da ƙwaro ke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari; idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye oksijin ɗin cikin 'yan kwanaki, su daina ci, su daina haihuwa, daga bisani su bushe su mutu, domin ruwan jikinsu ma daga narkar da abinci da oksijin suke samunsa.

Nasarar buhun tana rataye ne a kan kula da ƙananan abubuwa. Wajibi ne wake ya bushe sarai, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da karan da za su iya huda leda, sannan a hura kowace leda a tabbatar ba ta yoyo. Bayan an zuba, sai a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure, sannan a yi wa ta biyu haka, a yi wa buhun waje haka, kowanne da ɗaurinsa daban. Ana ɗora buhun a kan katako nesa da bango, a kuma tsare ɗakin daga ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta rushe aikin gaba ɗaya. Yawan buɗewa domin ɗiban na miya ko na ƙosai yana mayar da iska ciki, don haka ya fi kyau a ware na ci a wani mazubi dabam. Idan an kula da shi, buhu ɗaya yakan yi kaka uku, kuma yana aiki ga masara da dawa da gero. Uwar gidan da ba ta da buhu guda na wake tana iya samun wannan sakamako da jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam, matuƙar an wanke shi, ya bushe, an cika shi har baki, kuma ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsa ba.

Danshi da gubar da ido ba ya gani

Ƙwaro yana barin shaida, amma fumfuna takan yi ɓarnarta a ɓoye. Wani nau'in fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa yana kama masara da gyaɗa, musamman idan fari ya galabaitar da shuka ko an tara amfani bai gama bushewa ba, kuma yana haifar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin dubu 100 suka mutu a Ingila a shekarar 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, kuma a 2004 ta kashe mutane 125 a ƙasar Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo sankarar hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Wannan ya shafi ƙasar Zazzau kai tsaye, tun da jihar Kaduna tana sahun gaba a noman masara a Najeriya, kuma tuwon masara da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli abincin yau da kullum ne. Al'adar ware gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yamutse a sayar da ita da araha ga masu ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa kaji, ba ta kawar da gubar ba, ta dai sauya mata hanyar shiga jiki.

Cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta samar da maganin Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka shafe ta da 'yan'uwan wannan fumfuna waɗanda ba sa yin guba, aka rina ta shuɗi don kada a ɗauke ta abinci. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar mamaye gonar, kuma gwaje-gwaje sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Bayan girbi kuwa babu abin da ya kai shanya muhimmanci: masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari, gyaɗar da aka ɓare kuma zuwa kashi 7 ko 8, kuma shanya a kan tamfol ko daɓe ta fi shanya a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta. Wanda ba shi da na'urar auna danshi yana iya zuba hatsi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana buƙatar ƙarin rana.

Kayan gwari

Babu inda asara ta fi muni kamar a kayan gwari, wato tumatir da tattasai da attaruhu da ganyaye, waɗanda ake nomawa da rani a fadamun Galma da Kubanni da garuruwa irin su Hunƙuyi da Ikara, a kawo su kasuwannin Zariya, ko a yi lodinsu zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Kwandon gargajiya yana da kaifin da ke yanke fatar tumatir, yana da zurfin da ke sa na sama ya danne na ƙasa, kuma idan aka jera kwanduna a kan juna a tafiyar kwana biyu cikin zafi, ruwan da ke ɗiga daga bayan mota dukiyar manomi ce ke tsiyaya. Akwatin roba mai ɗaukar kimanin kilo 25 yana magance wannan, domin nauyin na sama yana sauka ne a kan gefen akwatin ƙasa, iska tana ratsawa, ana kuma wanke shi. Matsalarsa ita ce tsadar saye da kuɗin dawo da shi fanko daga Kudu, abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya sai ƙungiya.

Shekarar 2016 ta nuna ɗaya fuskar matsalar. Tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta mamaye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu, tana mai cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na gonakin tumatir a yankunan da abin ya shafa sun halaka, kuma masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a jihar Kano, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya saboda rashin kaya. Ƙasar da a watan Fabrairu ake zubar da tumatir a bakin kasuwa don rashin mai saye, ita ce a watan Yuni ake neman na miya ɗaya da kuɗi mai yawa, kuma abin da zai haɗa waɗannan watanni biyu shi ne sanyi da busarwa da sarrafawa.

A fannin sanyi, ɗaya daga cikin dabarun da suka fi dacewa da ƙasar Hausa ɗan ƙasar ne ya yaɗa ta. Malam Muhammad Bah Abba, malami a jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke tsatstsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku, kuma wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana buƙatar inuwa da iska da jiƙa yashi sau biyu a rana, ta fi aiki da hunturu da bazara, tana raguwa da damina idan iska ta cika da laima. Sa'ar da aka yi ita ce lokacin da ta fi aiki shi ne lokacin da kayan lambu suka fi yawa. A matakin kasuwa kuwa, kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015 yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, inda a farkon aikin ɗan kasuwa ke biyan naira 100 a kan kowane akwati a rana, kayan da kan lalace cikin kwana 2 su kai kwana 21. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, wadda asalinta ya faro a 1948, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ta ƙera rumfunan busarwa da hasken rana, waɗanda ke fitar da kauɗa mai tsabta wadda ƙura da awaki ba su taɓa ba.

A cikin gida, da abin da ke hana ilimi isowa

Rahotannin baya-bayan nan sun rushe zaton cewa zubar da abinci halin ƙasashe masu arziki ne kaɗai. Gidan Bahaushe yana da tsofaffin garkuwoyi, domin tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, kuɓewa da kuka da nama duk ana busar da su, dusa da ɓawo na dabbobi ne, ragowa kuma tana da masu karɓa a ƙofar gida. Amma rayuwar birni tana raunana su, musamman a wurin biki da suna da kuma watan azumi, inda ake girka abin da ya fi ƙarfin masu ci, da kuma gidajen da suka dogara ga firji a garin da wutar lantarki kan ɗauke tsawon yini, alhali addinin da mafi yawan mazauna Gyallesu ke bi ya yi hani mai tsanani ga almubazzaranci.

Tambayar da ta rage ita ce dalilin da ya sa dabarun da aka tabbatar da ingancinsu shekaru da dama ba su game gidaje da kasuwanni ba, har a garin da ke maƙwabtaka da Samaru. Malamin gona ɗaya yana fuskantar dubban manoma, kuma ko ya zo, da maza yake ganawa, alhali shanya da sheƙa da ajiyar cikin gida da sarrafa gyaɗa yawanci a hannun mata suke. Buhu mai inganci ba ya samuwa a kowace kasuwa a daidai lokacin roro, kuma na jabu mai siririyar leda yana ɓata sunan na gaske. Mafi girma duka shi ne cewa manomi da yawa ba ƙwaro ne ke sa shi sayarwa da kaka ba, bashin taki ne da kuɗin makaranta da hidimar aure, don haka ko an ba shi buhu ba shi da abin da zai zuba a ciki. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, an gwada wani tsari da ke fuskantar wannan: ƙungiyar manoma takan tara hatsinta a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun mai ba da rance, ta karɓi bashi a kan hatsin, sannan ta sayar bayan watanni idan farashi ya tashi ta biya. Ƙungiyoyin adashi da na masallatai da na matan unguwa a Gyallesu suna da amanar da irin wannan tsari ke buƙata, ko da a matakin sayen buhu biyar na wake da masara da kaka domin rabawa da damina.

Aikin gwaji

Ana son ɗaliban aji su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya sayo mudu ɗaya na wake wanda ba a sa wa magani ba, ya ƙirga ƙwaya 100 daga ciki ya rubuta adadin masu huda, sannan ya raba waken gida biyu. Kashi na farko a cika busasshiyar gorar roba da shi har wuya a murɗe murfinta gam, na biyu kuma a zuba shi a gora irinta a ɗaure bakinta da ƙyalle mai shigar da iska, a ajiye su gefe ɗaya a inuwa, a rubuta ranar a jikin kowace. Bayan mako takwas a buɗe su a gaban aji, a sake ƙirga ƙwaya 100 daga kowace gora, a rubuta masu huda, sannan a tambayi masu awo a kasuwar Tudun Wada nawa za su sayi mudun kowanne daga cikin biyun.